Yadda Na Musanya Ajin Siminti da Goro Guda

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta yaran garin nan ba za su bar ni ba, da safiyar da na tsaya gaban lekwal, wato makarantarmu, gaba ɗaya zan ciwo wa ajina ɗakin siminti da yatsun hannuna.

Ni malamar lekwal ce a wani gari cikin karkarar Dogo-Dogo (ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu a nan nake aure). Ni ke riƙe da ajin ƙanana, sababbin shiga, waɗanda da uwa ta juya baya sai kuka. Ajin nawa kuwa rumfa ce ta kara da zana. Wanda bai taɓa koyarwa a rumfa ba ba zai gane abin da nake faɗi ba. Ba a fara karatu sai an yanke gero an samu kara. Idan an kafa, awakin gari su ne ɗalibanka na farko, don tun kafin yara su iya harafi ɗaya sun cinye bango guda. Rana ta tsiyayo ta saman kan yara, iska ta kwashe allunansu, in hadari ya taso kuwa sai a ce kowa ya gudu gida. Ga mai awara tana hura wutarta can gefe, kullum idona ɗaya na kan tabulo, wato babban allon aji, ɗayan na kan hayaƙinta. Shekaru na yi a haka, kuma wallahi na gaji.

To, sai ga shi a wani hutun damina meri, wato ƙaramar hukumarmu, ta gina mana ɗaki guda sabo fil: siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, tagogi, har da bencina. Diraktanmu yana da tsohon ɗakin siminti inda yake koyar da masu jarrabawa. Saboda haka sabon ya rage tsakanina da Mushe Laminu (“Mushe” muke ce wa malami namiji), mai ajin da ke bin na diraktan. Shi ya ce yaransa manya ne, rubutu suke yi da biro, ba sa iya rubutu a kan gwiwa. Ni na ce nawa ƙanana ne, in wuta ta tashi ba su san ta inda ake gudu ba. Duk muna da gaskiya, abin da ya ɓata lamarin ke nan.

Ni kuma da bakina da ba ya shiru, tun ranar komawa lekwal na jera yarana na kai su suka leƙa ta taga. Wata ƴar mitsitsiya, Rakiya, ta manna kumatunta a bango ta ce, “Madam, sanyi gare shi.” Ni kuma na ce, “Namu ne, in sha Allahu.” (Da ƙarfi na faɗi “namu ne”, “in sha Allahu” ɗin kuwa a hankali ya fito.)

Da gardama ta ishi diraktan sai ya ce, “Ku saurara. Ranar Litinin kwamitin iyaye zai zo. Za mu karya kara biyu, dogo da gajere, wanda ya ja dogo ɗaki nasa ne.”

Ni ban taɓa sa'a a jan kara ba. Ko a adashi ni ce ta ƙarshe kullum. Kuma kara ba a yi masa dabara, sai dai ka ja ka gani. Sai na tuna wasan nan da ƙanena ɗan lise, wato babbar sakandare, ya zo mana da shi daga Damagaram, wanda yara suka ɗauka suke yi a tsakar lekwal: dutse, takarda, almakashi. Dunƙulen hannu dutse ne, yana fasa almakashi. Yatsu biyu almakashi ne, yana yanka takarda. Buɗaɗɗen hannu takarda ce, tana naɗe dutse. Ƙanen nawa ya taɓa ce mini wasan ba sa'a ba ce zalla, akwai dabaru, suna nan cike a salula.

Na gyara murya na ce, “Mushe direkta, me zai hana mu yi wasan da yara suka sani, a gabansu, don su ga adalci da idonsu?”

Ka ji fa. Adalci. Allah ya yafe mini.

Mushe Laminu ya ɗaga kafaɗa ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa. Aka tsayar: wanda ya fara ci sau biyu ya ɗauki ɗaki. Ni kuma, don in toshe wa Laminu duk wata kafa, na ƙara sharaɗi da bakina: duk wanda ya fitar da abin da ba ɗaya daga cikin ukun nan ba, ko ya ɓoye hannu, an ci shi. Diraktan ya ce ya ji. Ku riƙe sharaɗin nan, za mu dawo kansa.

Daga ranar na shiga karatu irin wanda ban yi ba ko lokacin da zan zana jarrabawar malanta. A gidanmu rezo, wato sabis ɗin salula, ba ya kamawa sai a bayan rumbuna, shi ma na Najeriya ne ke tsallakowa. Nan nake tsayawa da la'asar, kaji na zagaya ni, ina kallon mutanen da ba su da aikin yi suna bayanin yadda ake cin wasan yara. Wai namiji, musamman sabon shiga, da dutse yake farawa, don haka ki fara da takarda. Wai wanda ya ci yakan maimaita abin da ya ci da shi, wanda aka ci kuwa yakan sauya. Wai ki dubi hannun abokin karawarki kafin a jefa, in ya matse shi tamau, dutse ne ke tafe. Wai kada ki yi sanyi-sanyi, ki jefa da ƙarfi kina kallon ƙwayar idonsa, don ya rikice. Na haddace su kaf. Ina tuƙa tuwo ina jefa takarda da hannun hagu. Ina wanki ina tambayar kaina, in Laminu ya san na san zai yi dutse, ashe almakashi zai yi, to in kuma ya san na san ya sani fa? Abinci ya daina wuce mini. Har na yi mafarki almakashi na bi na a gonar wake.

Maigidana shi ya sha wahalar horon. Mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye, ko ruwa bai sha ba na tare shi: “Baban Nana, kawo hannunka.” Rannan na jefa masa takarda da ƙarfin nan da aka koya mini, yatsu biyar a warwatse saitin hancinsa. Ya ja da baya ya ce, “Ke! Wannan takarda ce ko daƙuwa? Me uwata ta yi miki?”

Muka yi dariya. Ya nuna mini yadda yara ke yi: a haɗe yatsu, a kifa hannu ƙasa, ba abin da ya haɗa shi da zagi. Na gwada, ya yi daidai. Amma maganar ta shige ni ta samu wuri ta zauna. Tun daga nan duk sanda na buɗe hannu sai na ji wata murya tana cewa, anya?

Ban damu sosai ba dai, tunda Laminu ne. Sa'ana ne, tare muka yi makarantar malanta, in ma ta kama na yi masa daƙuwar gaske ba zan kasa barci ba.

Saura in gaya muku mutum guda. Shugaban kwamitin iyayen lekwal ɗinmu surukina ne, mahaifin maigidana. Dattijo ne mai sanyin magana, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ni tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ban taɓa cin abinci yana gani ba. In na hango shi a hanya sai na durƙusa tun daga nesa. Sunansa ma ba na faɗi, har yaron da ke da sunan a ajina “Mai sunan Baba” nake kiransa. Na san zai zo ranar Litinin, amma a lissafina zai zauna can kan tabarma tare da sauran dattawa, ni kuma in juya masa gefe in yi aikina.

Litinin ta zo. Aka jera yara a tsakar lekwal bayan an ɗaga tuta. Dattawa suka zauna gindin bedi, wato itacen dogon yaro, diraktan ya tarbe su da goro, kowa ya ɗauki ɗaya. Ni ina tsaye na ci sabon hijabi ruwan toka, ina maimaitawa a zuci: namiji dutse, ni takarda, namiji dutse, ni takarda. Sabon ɗakin yana gabanmu, ƙofarsa a kulle, makullin na lilo a yatsan diraktan.

Shiru, babu Laminu. Rana ta fara ɗagawa, babu Laminu. Can sai salular diraktan ta yi ƙara, ya buɗe murya kowa na ji.

“Mushe direkta, a yi haƙuri, moto ya yi pan, ya mutu mini a hanyar Mallawa, tura shi nake. Kada a tsayar da dattawa saboda ni. Kowa ma ya tsaya mini, ai sa'a ce.”

Ai sa'a ce! Ni na rame a bayan rumbu, shi yana cewa ai sa'a ce.

Diraktan ya ce shi alƙali ne, ba zai shiga ba. Ya dubi dattawa. Dattawa suka dubi juna. Sai na ji gyaran muryar da na fi sani a duniya.

“Bari ni in tsaya wa malamin,” in ji Baba, surukin nawa. “In wani ya tsaya aka ci shi, za a ce don ɗiyata ce aka yi sake. In ni ne, ba mai magana.”

Dattawa suka ce, “Madalla, wannan ita ce gaskiya.” Aka nuna wa Baba hannu ukun, ya gyaɗa kai, ya taso ya tsaya a gabana. A gabana fa, kusa, har ina jin ƙanshin turaren rigarsa. Na durƙusa na ce, “Ina kwana, Baba,” ko da yake na riga na gaishe shi da asuba.

“Lafiya lau, ƴar nan. Tashi mu yi abin da ya tara mu.”

Dabarar kallon ƙwayar ido ta mutu tun a nan, don takalmansa nake kallo. Amma daga takalma na saci kallon hannunsa na dama. A dunƙule yake tamau, har jijiyoyi sun fito. Namiji ne. Sabon shiga ne. Ya matse hannu. Duk malaman salula da suka taɓa rayuwa sun taru a kaina suna ihu: takarda!

Yara suka ɗauka baki ɗaya: “Dutse! Takarda! Almakashi!”

Na aika wa hannuna saƙo ya buɗe. Hannun ya ce bai ji ba. Ya fita a dunƙule, ya tsaya kusa da dunƙulen Baba. Dutse da dutse, canjaras.

Ba komai, na ce wa kaina, ba a ci ni ba. Haɗe yatsu, kifa hannu, kamar yadda Baban Nana ya nuna. Ba zagi ba ne. Kowa ya san ba zagi ba ne. Amma idan yatsun suka warwatse fa, kamar rannan? A gaban liman? A gaban mai gari? Kafin azahar labari ya kai Dungass cewa matar wane ta yi wa uban mijinta daƙuwa a bainar jama'a saboda ɗakin siminti.

“Dutse! Takarda! Almakashi!”

Wannan karon na yi jihadi. Yatsu biyu suka yi biyayya suka fita. Sauran ukun suka ji kunya suka noƙe. Na duba, ga almakashi a hannuna, almakashin da ban aika ba. Na duba gaba, ga dutsen Baba ko motsi bai yi ba.

“Baba ɗaya, Madam sifiri,” in ji diraktan. Yaran Laminu suka ɓarke da tafi.

Yanzu fa ba sauran asiri. Ko akuya ta gane Baba dutse kawai yake yi. Dabarata ma ta faɗa: wanda ya ci yakan maimaita. Yarana, ƴan shekara shida da bakwai, suka fara kira daga layi, “Madam, takarda! Takarda, Madam!” Wani har ya ɗaga hannu yana nuna mini yadda ake yi. Ni da na kwana bakwai ina bincike.

Sai wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ga babu kamarta. Da aka ce “almakashi”, na jefa takarda lafiyayya, yatsu a haɗe, hannu a kife, ba ta da aibi ko kaɗan. A cikin hijabi.

Diraktan ya leƙo ya ce, “Madam, ina hannun?”

Na ce, “Yana ciki, Mushe. Takarda ce.”

“To, mu dai hijabi muka gani.”

Dattawa suka fara murmushi a cikin gemu. Bisa sharaɗina, an gama da ni ke nan. Amma Baba ya ce, “A'a, a bar ta, a sake. Ƴar nan, fito da hannun, ai ba cizo zan yi ba.” Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na fito da hannun. Na hango Rakiya a gaban layi ta buɗe baki tana kallona. Na ce wa kaina, yau ko sama za ta faɗo sai na buɗe hannun nan. Zan buɗe shi, amma da ladabi, yadda ba mai cewa na yi rashin kunya. Abin da na ƙudura ke nan. Abin da jikina ya fahimta da “ladabi” kuwa daban.

“Dutse! Takarda! Almakashi!”

Sai ga ni a durƙushe, gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye, na miƙa hannu biyu a haɗe, tafi na kallon sama, yadda aka koya mini karɓar abu daga hannun babba tun ina ƴar ƙarama.

Baba ya dubi hannuwan. Ya dubi dunƙulensa. Sai ya ce, “Af, ashe wannan kike so.” Ya buɗe hannun da ya ƙi buɗuwa tun safe, ya sako mini goro guda a tafi, fari, ya yi ɗumi saboda riƙo. “Ungo. Allah ya yi miki albarka.”

Ni kuma, Allah shi ne shaida, na ce, “Amin, Baba. Na gode.”

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Liman ya dafa bedi. Mai awara ta bar kaskonta ta zo tana tambaya me ya faru, aka gaya mata, ta zauna a ƙasa. Diraktan ya juya baya kafaɗunsa na girgiza, ya daɗe kafin ya juyo yana share hawaye ya ce, “Madam, a cikin dutse, takarda da almakashi, wanne ne hannu biyu?” Na dubi goron da ke tafina. Ya ce, “Sharaɗin naki ne, ba nawa ba.” Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar tsakar lekwal ɗinmu tauri gare ta.

Dariyar ba ita ta fi ci mini rai ba. Da aka watse, na ja yarana muka koma gindin itacen da muke zama kafin a samu kara. Su ba su yi dariya ba, ba su ma gane an gama ba. Rakiya ta ja gefen hijabina ta ce, “Madam, yaushe za mu shiga ɗaki mai sanyi?” Goron na hannuna har lokacin.

Wajen azahar Laminu ya iso yana tura motonsa, aka ba shi makulli da labari tare. Da ya gama dariya ya ce, “Ai gara da ban zo ba. Almakashi zan yi miki, don garin nan kaf an san takarda kike horo a bayan rumbu.” Ashe kaji ba su kaɗai ke kallona ba.

Kwana biyu ban yarda na gifta ta ƙofar Baba ba. Sai Inna, surukata, ta same ni ina tankaɗe ta zauna kusa da ni. Ta ce, “Babanku ya ce in gaya miki, shi bai zaɓi komai ba. Goro ne a hannunsa, rigar ba aljihu, bai ga inda zai ajiye ba.” Ta gyara ɗankwali. “Amma ya ce har ga Allah hannunsa ya gaji da jira. Ya ce, yarinyar nan, me ya hana ta buɗe hannu ta ɗauki ɗakinta?”

Na ce, “Kunya, Inna.”

Ta ce, “Na gaya masa. Ya ce to wannan kunyar ta yi tsada.” (Rigar tana da aljihu, ni na wanke ta.)

Da aka yanke gero, Baba da kansa ya ɗauro amalanke cike da kara, ya tara iyaye suka kafa mini rumfar da ba a taɓa yin irinta a lekwal ɗin ba: zana ruɓi biyu, ga shingen ƙaya saboda awaki, aka kuma matsar da mai awara can bayan rijiya. Rumfa ce mai kyau, na gode masa a durƙushe. Amma rumfa ce. Duk safiya ina jin ƙarar ƙofar ƙarfen Laminu idan ya buɗe ta, yarana kuma su waiga su kalla. Sunana a garin yanzu Madam Goro, har waɗanda ba su shiga lekwal ba haka suke gaishe ni.

Ga duk mai neman dabarar cin wasan nan, ni zan ba shi kyauta, tunda na biya kuɗinta. Dabarun salula gaskiya ne, ko ɗaya bai yi ƙarya ba, dutse suka ce kuma dutse ne ya zo, sau huɗu. Sai dai duk hannun abokin karawa suka koya mini karantawa. Ba wanda ya ce in tambayi nawa hannun a gidan wa ya tashi, kuma gaban wa yake iya buɗuwa. Yanzu in an ce a raba gardama a lekwal, ni ke fara zuwa in karyo karan.